Ƙulli Ɗaya da Ya Rage a Igiyar Baba Jawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron mijin kakata ya karɓi abinsa ranar wata Talata cikin Shawwal, bayan azahar, a gidanmu na unguwar Ruwais, a Jidda. Ba a kai shi makwancinsa ba sai ranar Lahadi. Kwana biyar gawarsa ta yi a ɗakin sanyi na asibiti, domin iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta riga shi mutuwa da shekaru, kuma a garin nan gawa ma sai da takarda.

Kawu, ɗan Kaka na fari, shi ya yi ta zirga-zirga. Aka ce ya kawo mutumin ƙasar mamacin ya shaida shi. Bai yi wata-wata ba ya nufi dattawan Jawa, wato mutanen Indonesiya, tunda shekara talatin kowa a unguwa Baba Jawa yake ce masa. A Hijaz duk mai irin idonsu Jawa ne, kamar yadda mu duka Takaru ne, ko daga Kano kakanka ya taso ko daga Damagaram. Dattawa uku suka zo, suka duba fuskar, suka ɗaga hannu suka yi addu'a, sannan suka ce, “Allah ya jiƙansa, amma ba namu ba ne.”

Kawu ya shigo gida yana gumi, ya tsaya a kan Kaka. “Hajiya, wai mutumin nan ɗan ina ne?”

Kaka ba ta ɗago ba. Ni na amsa. “Ɗan Kambodiya ne.”

“Ina ne kuma haka?”

“Kawu, shekara ashirin da bakwai yana auren mahaifiyarka. Sau nawa ka ci kifin da ya gyara?”

Umma ta mintsine ni. A ƙarshe ɗan tsohon kafilinsa, ubangidan da iƙamarsa take hannunsa a da, shi ne ya tsaya masa aka saki gawar, Allah ya saka masa da alheri.

Kwana uku mata suna zuwa gaisuwa bayan la'asar, ina zagayawa da gahawa da dabino, ina jin abin da ake faɗa. Wata ta ce waliyyi ne, ba shekarar da ba a ganinsa a Arfa. Wata ta ce bai taɓa faɗa da kowa ba, wannan kuwa ƙarya ce. Wata maƙwabciyarmu ta rage murya ta ce ai hajjin badal yake yi wa masu hali, sana'a ce kamar kowace. Hajjin badal shi ne ka yi wa wani hajji, mamaci ko wanda ya gaza, kuma gaskiya ne akwai masu cin abinci da shi. Na ajiye butar gahawa da ƙarfi har ta fantsama. Na ce mata ko dabino ɗaya ba a taɓa ba shi a kan hajji ba.

Da na ce zan rubuta labarinsa, Kawu ya ce, “Mutum ya tafi ana kiransa waliyyi. Ki bar shi da rigarsa.” To, marigayin bai taɓa sa rigar nan ba. Shi da bakinsa ya ce mini, “Idan na mutu ki faɗa. Da wannan muryar taki.” Ga shi ina faɗa.

Ba shi ya haifi Umma ba. Kakana na jini ya rasu tun Umma tana ƙarama, Kaka ta riƙe yara da sayar da soyayyen kifi a ƙofar gida. Shi kuma yana gyaran kifi a kasuwa, ƙarƙashin wani Balarabe mai jiragen kamun kifi da ya zama kafilinsa. Kullum Kaka ta je sari, shi yake kankare mata, ya fasa ciki, ya wanke. Ta ce wata shida bai ce mata uffan ba, sai ranar da ta zazzage wa wani dillali masifa a gaban kowa. Washegari ya aika wa limamin unguwa yana neman aurenta. Kaka takan ce, “Mata na samun miji da kwalliya, ni da baki na samu.”

Gajere ne, siriri, hannuwansa duk tabon ƙayar kifi. Larabcin kasuwa yake yi, Hausa kuma ya koya a bakin Kaka, shi ya sa har zaginsa irin na tsofaffin mata ne. Ba ya barin ƙwayar shinkafa ko ɗaya a faranti, ta ƙasa ma sai ya tsince. Ba ya sa baƙin kaya, kuma ranar da Kawu ya shigo da wasu takalman roba baƙaƙe ya tashi ya bar masa ɗakin. Mun ɗauka tsufa ne.

Abin da kowa ya san shi da shi, ba ya son mai sanyin murya. Baƙo ya zo yana magana a hankali yana murmushi, sai ka ga Baba Jawa ya tattara hankalinsa wuri ɗaya kamar wanda ya ga maciji. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a jin kunne idan ina gida. Kowa na ce mini in rage, shi yana cewa in ƙara. Lasifika yake kirana. “Lasifika, zo ki yi mini faɗa in ji daɗi.” Yakan ce, “Mai ihu ya gama nuna maka wuƙarsa.”

Sai kuma rubutu. Hannunsa ya fi na kowa kyau a unguwa, boko da Larabci, kamar an buga da inji. Zai rubuta maka wasiƙa, zai rubuta maka addu'a. Amma ka ce ya jera sunayen mutane a takarda, ko na gayyatar biki ne, sai ya ce idonsa na ciwo.

Ina aji biyu na sakandare wani mutum ya shigo unguwa da jaka da farar riga mai guga. Ya ce shi wakilin wani attajiri ne mai son yi wa marasa iƙama takardu saboda Allah, sunaye kawai yake so da inda kowa yake kwana. Muryarsa kamar man shanu. Mata suka cika tsakar gidanmu, kowa na faɗin sunanta da na ’ya’yanta, Kawu yana taya shi rubutawa. Baba Jawa yana gefe da bokitin kifi. Sai ya miƙe, ya zo, ya fizge takardar daga hannun Kawu, ya dulmiya ta cikin ruwan jinin kifi, ya danna da hannu biyu.

“Inta majnun?” in ji Kawu. “Ka haukace ne? Mutane na neman mafita!”

“Ya isa,” in ji Baba Jawa. “Ba a gidan nan ba.”

Baƙon bai yi fushi ba, murmushi ya yi ya ce babu komai, Baba. Wannan murmushin ne ya sa tsohon ya ɗauki wuƙar kifi, sai da Kaka ta shiga tsakani. Mata suka watse suna tsine masa. Kawu ya yi shekara bai gaishe shi ba, daga baya ma ya koma unguwar Safa da iyalinsa. Har yau ban sani ba ko mutumin macuci ne ko na Allah ne. Wataƙila Baba Jawa ya hana mutane alheri ranar. Ban zo in wanke shi ba.

Akwai abin da na gani tun kafin wannan, ina ’yar shekara takwas ko tara, ban gane ba sai daga baya. Muna cin abincin rana, talabijin na kunne. Aka nuno wani tsoho ya mutu a kan katifa cikin wata bukkar katako a daji, an ce shi ne ya hallaka al'ummar ƙasarsa. Baba Jawa ya tsaya da loma a hannu. Ya matsa har gaban gilashin. Na ji ya ce, a hankali, “Malamina ya tsufa.” Ranar ce kaɗai na ga ya bar shinkafa a faranti.

Sunan mutumin yana cikin littattafai, mai so ya nema. Ba zan sa shi a takarda ɗaya da ta'aziyyar Musulmi ba.

Da na gama sakandare ba inda za ni, ba takardun da za su kai ni gaba, sai na zauna ina taya su aikin kifi. A lokacin kafilinsa ya rasu, kasuwa ta fi ƙarfinsa, a tsakar gida yake gyara wa Kaka. Kullum akwai wata igiya ɗaure a ƙugunsa, irin zaren da ake ɗinke koma da shi, ta yi baƙi don tsufa. Da ina yarinya ƙulle-ƙullenta da yawa, yanzu saura kaɗan a ƙarshe. Na lura duk shekara idan ya dawo daga hajji sai ya kwance ɗaya. Wata safiya na gaji da kallo.

“Baba, igiyar nan ta mece ce? Kada ka ce mini carbi ne, na san carbi.”

“Ki kankare kifinki.”

“Ba zan kankare ba. Laya ce? Tsafin Jawa ne?”

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, “Ni ba Jawa ba ne, Lasifika.” Ya fara ke nan. Bai gama a ranar ba, sai da muka yi wajen wata guda, kullum kan bokiti. Zan haɗa shi wuri ɗaya don ni ba ni da haƙurinsa.

Ƙabilarsu Cam ake ce mata, Musulmi ne ’yan tsiraru a ƙasar masu bin Buda, masunta a bakin wani babban kogi. Mahaifinsa ya sayar da kwalekwale ɗaya cikin biyu ya tura shi makarantar boko a babban birni, shi kaɗai a ƙauyensu. A aji ana toshe hanci idan ya shigo, wai yana warin kifi. Malami ɗaya ne bai taɓa yi masa haka ba, mai koyar da tarihi da labarin ƙasa da Faransanci. Farar riga mai gajeren hannu, fuska a sake, bai taɓa dukan ɗalibi ba, bai taɓa ɗaga murya ba. Yana bayani da sauƙi har daƙiƙi ya gane. Yana magana a kan talaka da zaluncin manya, yaro ɗan masunta yana ji kamar da shi ake. Shi ya dawo da shi bencin gaba.

“Da ya ce in faɗa kogi,” in ji Baba Jawa, “da na tambaye shi ta wane gefe.”

Sauran labarin malamin daga baya ya tattara shi, daga rediyo da bakin alhazan ƙasarsu da yake nema duk shekara a Mina. Ashe ba ɗan talaka ba ne. Ubansa manomi ne mai gonakin shinkafa da shanu. Yana ƙarami aka kai shi birni wurin ’yan’uwa masu aiki a fadar sarki, har akwai mata danginsa cikin masu rawar fada. Ya ɗan zauna a gidan bautar Buda, ya yi makarantar mishan. Ba shi da wani ƙoƙari, jarrabawa ta kayar da shi, ya koma koyon kafinta. Duk da haka aka ɗauki nauyinsa zuwa Faransa ya koyi haɗa rediyo. Can ma ya yi ta faɗuwa, ya dawo ba takardar shaida, sai aƙidar gurguzu da ya ɗebo a ɗakunan ’yan’uwansa ɗalibai.

Na ce, “Wato daƙiƙi ne.”

“A'a. Daƙiƙi ba ya iya jira. Shi ya iya.”

Da rana yana koyarwa, a ɓoye yana cikin wata ƙaramar jam'iyya da gwamnati ke farauta. Masu baki a cikinsu aka kama su, masu suna aka san su. Shi ba wanda ya kula da shi. Shugabansu ya ɓace ba a sake ganinsa ba, sai ga malamin a kujerar. Wata rana ɗalibai suka zo aji ba malami. Aka ce ya shiga daji.

Baba Jawa ya koma ƙauye, ya yi aure, ya haifi ’ya’ya biyu, shi ne marubucin gari. Shekaru suka wuce, yaƙi ya zo, jirage na zubo bama-bamai a kan gonaki. Sai ga mutanen daji sun fito, baƙaƙen kaya, takalman taya. Ba sa satar kaza, suna taya mutane girbi. Dattawan ƙauye suka ce ba su yarda da su ba, a kwashe iyali a bi kogi a gudu tun da hanya. Ranar Juma'a bayan an idar, Baba Jawa ya miƙe a harabar masallaci ya ce kada kowa ya gudu. Ya ce ya san irin mutanen nan, malaminsa yana cikinsu, mutumin da bai taɓa ɗaga wa yaro murya ba. Shi ne mai boko. Aka zauna.

Bayan wani lokaci jami'in da aka ɗora a yankinsu ya kira shi. Shi ma mai sanyin murya. Ya ce sabuwar hukuma tana girmama addinin kowa, kuma idan yaƙi ya ƙare za ta kai Musulmi Makka a jirgi. A rubuto sunayen masu niyya.

Kun san yadda Makka take a zuciyar wanda yake nesa da ita. Mu da muke awa ɗaya da ita a mota ba mu sani ba. Mutane suka yi layi a ƙofar gidansa. Liman, ladan, mai koyar da yara allo, tsofaffin da suka yi shekaru suna tanadi, duk wanda addini ya fi zama masa a rai. Suna ashirin da shida ya rubuta da kyakkyawan hannun nan nasa. Ya kai ƙarshe sai ya ga akwai sauran fili a takardar. Mahaifiyarsa ba ta shiga layi ba, ta ce ina ita ina Makka. Shi ya ƙara sunanta a ƙasa, bai ma gaya mata ba. Yana so ya ba ta mamaki.

Da mutanen daji suka ci birni suka kore kowa daga cikinsa, ba a daɗe ba aka rufe masallacin ƙauyen su Baba Jawa, aka tattara Alƙur'anai, aka hana salla, aka fara sa musu naman alade a gaba ana kallon wanda zai ƙi. Sai aka zo da takardarsa. Aka karanta ta da rana tsaka, suna bayan suna, yadda ya jera. Aka ce za su tafi karatu. Aka sa su a jirgin ruwa.

“Mahaifiyata tana ta waiwaye,” in ji shi. “Tana tambayar na kusa da ita wa ya sa sunanta.”

Babu wanda ya dawo. Matarsa da ’ya’yansa yunwa ce ta ɗauke su daga baya, a gonar da aka kai su aikin dole. Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya san mai mulkin ƙasar, Ƙungiya kawai ake cewa. Shi kuwa yana gaya wa ransa cewa da malaminsa ya san abin da ake yi da ya hana, wataƙila ma sun kashe shi. Sai dab da ƙarshe aka kafa hoton shugaba a rumfar cin abinci. Ya ɗaga kai da kwanon ruwan shinkafa a hannu. Fuskar nan ce, a sake, da ɗan murmushinta.

Na ajiye wuƙa na ce, “Kuma har yau kana ce masa malamina? Baba, ba ka da zuciya ne?”

“Shi ya koya mini rubutu mai kyau. In ce ba malamina ba ne, sai in ce hannun ma ba nawa ba ne.”

Ya tsira, ya kai sansanin gudun hijira a kan iyaka, daga nan Malesiya, daga nan aka taimaka masa ya zo hajji. Ya ce ranar da ya ga Ka'aba bai yi murna ba. Shi da bai sa sunansa a takardar ba, shi ne ya iso. Ya sauke faralinsa, ya ƙi komawa. Ya nemi zaren koma ya yi ƙulli ashirin da bakwai. Hajji sau ɗaya ake yi a shekara, kuma mutum ɗaya ake yi wa. Ya ce ya yi musu alkawarin Makka da hannunsa, zai kai su ɗaya bayan ɗaya, yadda ya rubuta su.

Ba kowace shekara ta yiwu ba. Akwai shekarar da aka tare shi a shinge aka juyo da shi, akwai wadda Kaka ta kwanta ciwo, akwai wadda ya karye a ƙafa. Da aka tsananta neman tasrihi, takardar izinin hajji, sai ya zama mota ta sauke mutum kafin shinge, ya zagaya ta bayan duwatsu a ƙafa. Yana haka yana tsufa.

Lokacin da ya ba ni labarin saura ƙulli huɗu, kuma tarin nan ya riga ya kama shi. Na yi lissafi da yatsu na ga ba za mu kai ba. A nan muka yi faɗan da ya fi kowane.

“Baba, bana ka yi wa mahaifiyarka. Sauran su jira.”

“Ita ce ta ƙarshe.”

“Wa ya ce? Takardar tana ina? Wa zai kama ka? Uwa ce fa! Ko malamai ka tambaya za su ce uwa ce gaba.”

“Na sani.”

“To yalla, maza ka yi mata! Kana tari kamar tsohuwar mota, kana jin za ka kai shekara huɗu?”

Kaka daga kicin ta ce, “Ke, bakinki ya sari ɗanyen kashi!”

Shi bai yi fushi ba. Ya shafa igiyar ya ce, “Sau ɗaya na yi mata alfarma, Lasifika. Kin ji inda ta kai ta. Su sun tsaya a layi a ƙofata. Ba zan sake tsallake da ita ba.”

Na ce masa wannan taurin kai ne ba addini ba. Har yau ina ganin ina da gaskiya. Kwana uku ban yi masa magana ba, a na huɗu na ce idan ya ga dama ya mutu a bayan dutse, amma ba shi kaɗai ba, da ni za shi. Hajji uku na bi shi. Na farko na sauke nawa faralin. Shi kuma ya yi wa wani mai gyaran kwalekwale, shekara ta biyu wata ungozoma, ta uku wani saurayi da bai kai ashirin ba. A ta ƙarshen ni na riƙa jansa a hanyar Muzdalifa, nauyinsa bai fi na buhun gawayi ba. Idan zai yi niyya a ƙofar gida, domin mu mutanen Jidda daga gida muke ɗaura harami, sai ya faɗi sunan mutumin da na ubansa, a hankali, kamar yana tsoron wani zai rubuta.

Ya dawo ya kwance na ashirin da shida. Ya ce, “Baɗi.” Duk shekarar nan yana ta lallaɓa jikinsa kamar ƙwai. Ya sha maganin da da ba ya sha. Ya sa Kaka ta wanke haraminsa tun cikin azumi. Saura wata biyu ya tafi.

Da safen ranar ya kira ni, ya sa ni maimaita sunan mahaifiyarsa da na mahaifinta har sau bakwai, yana gyara mini, domin harshensu ba ya zama a bakinmu. Ban yi masa alkawarin komai ba, shi ma bai roƙe ni ba. Na ce masa dai, “Da ka ji maganata.” Ya ce, “Da na ji.” Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma ba na alfahari da ita.

Bayan an share makoki Kaka ta kira ni ɗakinta, Kawu yana zaune. Ta ciro igiyar daga ƙarƙashin filo. Masu wanka sun so su jefar, ta karɓe. Ta ajiye a cinyata.

Kawu ya ce, “Hajiya, yarinyar nan ba ta da tasrihi. Bana an ce duk wanda aka kama sai an ɗauki zanen yatsunsa. A kore ta zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba saboda wata tsohuwa da ba mu sani ba? Kuma ma, in abin da take faɗa gaskiya ne, mutumin nan shi ya miƙa su.”

“Shi ya miƙa su,” in ji Kaka. “Ya gaya mini kafin a ɗaura, da igiyarsa na aure shi. Shekara talatin yana biya da ƙafarsa. Kai me ka taɓa biya?”

Kawu ya ce, “Mace ba ta tafiya ba muharrami.”

Na ce, “Ai ga ka.”

Ya kalle ni kamar zai mare ni. Ya tashi ya fita. Ranar takwas ga Zulhajji da hantsi sai ga motarsa a ƙofar gida, yana cikin harami, fuska a murtuke. “Yalla,” ya ce, “kafin in canza ra'ayi.”

Na tsaya a bakin ƙofar da yake tsayawa, igiyar ɗaure a wuyan hannuna. Maƙwabta sun leƙo, har da mai maganar sana'a. Na ce labbaika hajjan, na faɗi sunanta da na mahaifinta. Ban faɗa a hankali ba. An ji ni har bakin titi.

Mun wuce, ba sai na faɗi ta yaya ba. Mun tsaya a Arfa, mun yi jifa, mun yi ɗawafi. Da muka dawo na zauna a tsakar gida inda bokitinsa yake, na sa farce in kwance ƙullin. Ya ƙi. Shekara talatin na gumi da ruwan gishiri sun mayar da shi kamar tsakuwa. Na ɗauko wuƙar kifi. Kaka ta riƙe hannuna.

“Ke dai ba ki da haƙuri. Bai yanka ko ɗaya ba.”

Sai da na jiƙa shi a ruwa, na bi shi da allura, daga azahar har aka kira la'asar. Ya kwance.

Allah ka jiƙan bawanka ɗan masunta, wanda ya yarda da murya mai sanyi ya yi kuskuren da ya fi ƙarfinsa. Ka gafarta masa abin da hannunsa ya rubuta, ka karɓi abin da ƙafarsa ta taka. Ka jiƙan ashirin da shidan da suka tsaya a layi, da matarsa da ’ya’yansa da ba mu san kabarinsu ba. Ita kuma ta ƙarshen, wadda ta tafi tana tambayar wa ya sa sunanta, ya Allah ka sanar da ita ɗanta ne, kuma Makka yake nufi.